Gurbin Sunan Kailani Mai Hula

Duk wanda ya saba bin titin da ya ratsa gefen kasuwar Tudun Wada a Zariya ya san rumfar Kailani, ko da bai taɓa kai masa wankin hula ba. Rumfar kwano ce 'yar ƙarama, a gabanta huluna jere a kan katakai suna shan rana, zanna da damanga da kube, kamar kawunan mutanen da suka zauna jiran liman. Shi kuma yana daga ciki, ƙafa ɗaya a miƙe, hula a gabansa, guntun katakon bugu a hannu. Siririn mutum ne mai 'yar furfura a gemu, wanda idan ka gaishe shi sai ya sauke bugun da ya ɗauko kafin ya amsa.

A nan Tudun Wada aka haife shi. Mahaifinsa leburan jirgin ƙasa ne, ya rasu Kailani na tsakiyar sakandare, karatu ya tsaya a nan. Wani ƙanin mahaifiyarsa ya koya masa sana'ar: yadda ake jiƙa hula, yadda ake goge bakinta da buroshi ba tare da an tayar da zare ba, yadda ake sa sitati daidai, a ɗora ta a katako, a buge ta har ta yi sheƙi. Da wannan ya yi aure, da ita yake ciyar da matarsa Kulu da 'ya'yansu. Ba a san shi da wani abu ban da hula ba, sai da Zulkiflu ya fara zama a rumfarsa.

Zulkiflu ɗan Tudun Jukun ne. A lokacin acaɓa yake yi, idan rana ta take sai ya kafe babur a inuwar rumfar, ya miƙe a benci yana gunguni da wani karin waƙa da ya zo masa a hanya. Allah ya ba shi murya, bai ba shi kalmomi ba. Duk abin da ya rera, daga "masoyiya" sai "zuciyata", sai ya koma farko. Wata rana Kailani na bugun hula, bugun ya faɗa daidai da karin, sai ya ji bakinsa ya furta wasu layuka a kan mutumin da ke tsaye a tasha yana duba fuskokin masu saukowa. Zulkiflu ya tashi zaune.

"Sake faɗa."

"Ban ce komai ba."

"Mai Hula, kar ka yi mini rowa. Sake faɗa mana."

Daga nan aka fara, kuma yadda aka fara haka aka ci gaba. Ana kiran Kailani marubuci, amma bai taɓa riƙe biro saboda waƙa ba. Zulkiflu ne zai zo da kari a bakinsa ya yi ta maimaitawa, Kailani na bugu, kalmomi na faɗowa a kan bugun. Idan layi ya yi tsawo, hannunsa ne ke fara sani. Da farko Zulkiflu haddacewa yake yi, daga baya ya koma ɗauka a waya. Ya yi suna, ya zama Zulkiflu Nagoda, ya koma Kaduna, ya sayi mota, amma duk waƙar da zai yi sai ya zo ya cire takalmi ya hau bencin nan. Bai taɓa tauye wa abokinsa haƙƙi ba. Ɗakin da Kailani ya ƙara a gidansa daga waƙa ya fito.

Mawaƙa suna da al'ada. Idan baitoci sun ƙare kiɗa na tafiya, sai su jero sunayen waɗanda suka sa hannu: mai kiɗa, 'yan amshi, mai situdiyo. Zulkiflu kullum da suna ɗaya yake rufewa: "Kailani Mai Hula na Tudun Wada, kai ka saƙa, ni na sa." Masoya sun haddace wannan kamar amshi. A gidan biki in an zo wurin, taro ne ke riga shi faɗa. Maƙwabcin Kailani, Muntaka mai tura waƙoƙi a waya, lasifikarsa ba ta hutawa, don haka Kailani yakan ji sunansa sau da yawa a wuni, ya sunkuyar da kai kamar ba shi ba. Amma Kulu takan gane ranar da sabuwar waƙa ta fito, don ranar yakan shigo gida da tsire.

'Yarsa ta fari, Surayya, wadda saboda kunya ba ya ambatar sunanta sai dai ya ce "yarinyar nan", ta gama karatun malanta ta samu manemi. Mubarak sunansa, mai natsuwa, ɗan wani gidan malamai a cikin birni, irin gidajen da ake karatu a zaure tun kakanni. Suna son juna, kowa ya gani. Saura bincike, wanda babu gidan mutunci da ke tsallake shi.

Wata safiya wani dattijo ya yi sallama a rumfar da huluna a leda. Kailani ya gane shi: Malam Suhaibu ne, wan mahaifin Mubarak, wanda maganarsa ce magana a gidan. Cikin birni ba a rasa masu wankin hula ba. Dukansu sun san abin da ya kawo shi, kuma babu wanda ya nuna ya sani. Kailani ya kakkaɓe masa benci, suka gaisa, aka taɓa zancen damina da tsadar sitati. Malam ya tambayi masallacin da yake salla, ya tambayi asalin mahaifinsa, yana gyaɗa kai. Ana cikin haka waƙar da ke tashi a shagon Muntaka ta zo ƙarshe, muryar Zulkiflu ta cika layin da sunan.

Malam Suhaibu ya karkata kai har kiɗan ya mutu.

"Wannan Kailanin da ake kira, kai ne?"

Kailani ya ajiye katakon bugu. Abin da ya faɗo masa a rai shi ne yarinyar nan, yadda ta koma yin shara tana murmushi ita kaɗai.

"Ni ne, Malam. Amma da ne."

"Da ne?"

"Ƙuruciya ce. An bari."

"To, alhamdu lillahi," in ji Malam. "Mu dai gidanmu ba ma haɗa zuri'a da masu kiɗa, ba don raini ba, haka muka taras. Tunda an bari, magana ta wuce."

Ya tafi ya bar hulunan. Kailani ya daɗe zaune bai taɓa su ba. Ko mako ba a yi ba da suka gama wata waƙa shi da Zulkiflu, "Gadar Kwangila", wadda a ransa ya san bai taɓa yin kamarta ba, kuma tana gab da fita. Bayan la'asar ya zaga bayan rumfa ya kira Kaduna.

"Zulki, alfarma nake nema."

"Kai da neman alfarma? Faɗi, Mai Hula. In motar ce ma zo ka ɗauka, sai dai ka tura ta, ba ka iya tuƙi ba."

Kailani ya faɗa masa komai, bai rage ba. Dariyar da ke muryar Zulkiflu ta ɗauke.

"Ka ce musu ka bari."

"Bakina ne ya riga ni. Wannan ɗayar kawai, ka cire sunan. Da an ɗaura aure shi ke nan."

"Bikin fa? Tun tana goye na ce ni zan yi mata waƙa."

"Walima za a yi. Ka san gidan."

"Na san gidan." Sannan Zulkiflu ya ƙara da cewa, "To, ba komai. Allah ya sa a yi lafiya."

Waƙar ta fita, ta kama gari kamar yadda Kailani ya zata. A keke, a shagon aski, a wayar masu talla. Da aka zo ƙarshe Zulkiflu ya kira mai kiɗa, ya kira 'yan amshi, ya kira mai situdiyo, sannan ya yi shiru. Bai cike wurin da wani suna ba. Kiɗan ya yi ta tafiya shi kaɗai daidai tsawon abin da aka saba faɗa, sannan ya tsaya.

Muntaka ne ya fara zuwa, waya a hannu, tare da Kato mai gyaran babur, wanda ya haddace waƙoƙin Nagoda fiye da lambobin sifana.

"Malam Kailani, mun saurara har kunne ya yi zafi," in ji Muntaka. "Ina sunanka?"

"Mantuwa ce ta situdiyo," in ji Kato. "Na gaya maka. Waɗannan kalmomin na Mai Hula ne, ko a mafarki na ji zan gane. Wa zai sa mai rake da ɗan kamasho a waƙar soyayya in ba shi ba?"

"Mantuwa? Mutum ya manta sunan da yake faɗa tun kana koyon ɗaure noti?"

"Kai dai tura waƙa ka iya, ba jin ta ba."

Suka juyo gare shi. Kailani ya ɗauki wata hula ya ɗora a katako.

"Lafiya lau muke," ya ce.

Bai san Muntaka na ɗauka ba. Kafin magariba bidiyon ya shiga zauren masoyan Nagoda na intanet, daga nan ya bazu. Ba maganar aka duba ba, fuskar aka duba. Wani ya rubuta cewa wanda suke lafiya ba ya kallon ƙasa haka. Wata ta ce ta ji daga majiya mai ƙarfi a kan rabon kuɗi ne. Wani ya ce ɗan siyasa ne ya shiga tsakani. Wasu suka ce Kailani ba shi da lafiya, wasu suka ce Nagoda ya samu sabon marubuci a Kano, har da sa hoton wani mutum da babu wanda ya sani. Aka rabu gida biyu, masu cewa an rabu da masu cewa dabara ce ta tallar waƙa. Aka riƙa ɗauko tsofaffin waƙoƙi ana gwada su da sabuwar baiti baiti, kamar masu duba zanen hannu. Muntaka yakan leƙo da safe ya karanta masa, yana ganin taimako yake yi.

Da farko Kailani ya ɗauka surutu ne, zai wuce. Sai kalma ɗaya ta fara yawa, ta danne sauran: butulu. Mutane sun ga mai mota a gefe, sun ga mai rumfar kwano a gefe, suka yanke hukunci. Aka ce Nagoda ya hau bayan talaka ya kai inda zai kai, ya sauka bai waiwaya ba. A wani wasa da ya yi wa ɗalibai a harabar jami'a ta Kongo, da ya zo ƙarshen waƙar, taro ya ɗauki sunan Kailani ya yi ta maimaitawa, wasu suka jefe shi da ledojin ruwa. Mahaifiyarsa, Inna Ishatu, ta daina zuwa suna da biki a Tudun Jukun saboda habaicin mata. Da wani gidan rediyo ya matsa masa, abin da ya ce kawai shi ne: "Tsakanina da Kailani sai alheri. Mai son ƙarin bayani ya tambaye shi."

Aka kuwa tambaye shi. Mutanen da bai taɓa gani ba suka riƙa kawo hula don su zauna su yi masa jaje. Wani Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce Allah zai saka masa. Kailani ya san jimla ɗaya za ta wanke abokinsa: ni na ce ya cire. Amma duk wanda ya ji zai ce don me, kuma amsar za ta isa zauren Malam Suhaibu kafin ya rufe baki. Sai ya riƙa cewa a ransa, bari a ɗaura. Aka ɗaga bikin zuwa bayan Babbar Salla saboda mahaifin ango ya tafi aikin hajji. Ya ci gaba da cewa bari a ɗaura. Yakan ɗauki waya ya nemo sunan Zulkiflu, ya rasa da wace kalma zai fara, ya mayar da ita aljihu. Shi ma can bai kira ba.

Aka ɗaura aure lafiya, aka yi walima, malamai suka yi wa'azi. Zulkiflu bai zo ba. Ya aiko da firji ta hannun mahaifiyarsa, ya ce a sa cikin kayan ɗaki kada a faɗi daga inda ya fito. Kailani ya tsaya yana kallo ana ɗora shi a mota, ya kasa shiga cikin masu ɗagawa.

Bayan an kai amarya, gida ya yi shiru, Kailani ya samu Kulu tana tsince shinkafa a tsakar gida.

"Gobe zan kira Muntaka ya ɗauke ni. Zan faɗi gaskiya."

Ba ta ɗago ba. "Wace gaskiyar, Malam?"

"Cewa ni na yi waƙar, ni na ce a cire sunan."

"Sai Malam Suhaibu ya ji ka dubi idonsa ka yi masa ƙarya, da ita aka ɗaura auren." Ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafi. "Ita fa a gidan take kwana. Kai kana nan rumfarka, ita ce za ta durƙusa ta gaishe su kowace safiya."

"Ai an riga an ɗaura."

"An ɗaura. Zaman fa?"

A nan ne ya gane abin da ya yi. Shi ya ɗauka aron shiru ya yi na 'yan watanni, ashe babu ranar mayarwa. Muddin yarinyar nan na gidan, maganar da ya faɗa wa Malam dole ta ci gaba da zama gaskiya.

Da ya ji an ga motar Zulkiflu a ƙofar gidan Inna Ishatu, sai ya rufe rumfa da rana tsaka ya taka zuwa Tudun Jukun. Inna ta amsa gaisuwarsa a taƙaice ta shige ɗaki. Zulkiflu na zaune a kan tabarma a zaure, ya rame, ya tara gemu. Suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a wurin ta'aziyya.

"Ya amarya?"

"Tana lafiya. An ga saƙo, Allah ya saka."

"'Yata ce ai."

Kailani ya dubi tabarma. "Zulki, na san abin da ka sha saboda ni."

"Ba ka sani ba, amma bar shi."

"Na zo ne in ce mu ci gaba. Ba sai a rumfa ba, ni zan riƙa zuwa Kaduna da katakona. Ba sai ka kira suna ba."

Zulkiflu ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Wato in ci gaba da rera kalmominka, ana gane su, ana cewa ga ɓarawo har yanzu yana ci da gumin talaka."

"Za su gaji."

"Zagin ba shi ne ya dame ni ba, Mai Hula. Na yi acaɓa, wane zagi ne ban ji ba?" Ya gyara zama. "Tun ranar da ka kira ni nake tunani. Dattijo ya yi maka tambaya ɗaya, ko numfashi ba ka ja ba ka ce ƙuruciya ce. Abin da muka yi tun gashinmu na baƙi. Ni na ɗauka aiki muke yi. Ashe kai a wurinka abin ɓoyewa ne, ranar kawai ba ta zo ba."

"Tsoro ne ya kama ni."

"Na sani. Da ni ne mai 'yar, wataƙila haka zan yi. Shi ya sa ban buɗe baki ba, kuma ba zan buɗe ba har in mutu, ka kwantar da hankalinka. Amma in sake zama ina maimaita kari kana ɗora magana, ina kallon fuskarka ina tunanin ko kunyata kake ji, wannan ba zan iya ba. Na gwada a raina, ya ƙi."



"Akwai wata malamar makaranta, Bahijja, tana turo mini baitoci," in ji Zulkiflu. "Ba su kai naka ba. Za su yi."

Aka kira la'asar. Suka yi salla a masallacin layin kafaɗa da kafaɗa, da aka sallame kowa ya nemi takalminsa.

Washegari Kailani ya kira Muntaka da kansa, ya ce ya kunna waya. Ya zauna a benci, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya dubi wayar sosai don kada a ce yana kallon ƙasa.

"Ni ne Kailani Mai Hula. Masu tambaya, gaskiya ne, mun daina aiki tare da Zulkiflu Nagoda. Bai ci mini ko sisi ba, bai wulaƙanta ni ba. Laifin nawa ne ni kaɗai. Don Allah a bar zaginsa, a bar mahaifiyarsa ta huta."

"Wane laifi, Malam Kailani?" in ji Muntaka daga bayan waya.

"Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Kafin azahar Muntaka ya dawo da sauri, Kato na biye da shi yana goge hannu da tsumma.

"Bidiyon ya bazu fa. Ka ji abin da ake cewa." Muntaka ya fara karantawa. "Allah sarki bawan Allah, an cuce shi kuma yana rufa wa macuci asiri. Ga wani: ku dubi idonsa, wallahi sa shi aka yi. Ga wata kuma: wanda ke da laifi ai faɗin laifin yake yi, wannan haƙuri ne irin na mutanen da. Nagoda dai ya ji kunya."

"Babu wanda ya yarda?" in ji Kailani.

"Wa zai yarda? Ni kaina ban yarda ba."

Kato ya tsuguna a gabansa ya rage murya. "Mai Hula, tsakaninmu ne, ba waya. Barazana ya yi maka?"

Kailani ya dube su, mutane biyu da ke ƙaunarsa da gaske.

"Muntaka, goge shi."

"In na goge nawa, na sauran mutane fa? Ya riga ya kai Kano."

Kailani ya koma bakin katakonsa. Wani mutum ya tsaya da babur ya miƙo hula, ya ce ana buƙatarta kafin Juma'a, sannan ya leƙo ya dube shi da kyau.

"Kai ne wanda Nagoda ya cuta? Sannu, Malam. Allah yana gani."

Kailani ya karɓi hular ya jefa ta cikin ruwan wanki.